Ƙaba ta gangaro maraina, ni kuma tsoron tiyata nake

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 46, sana'ata lodi da sauke kaya. Kusan shekara uku ke nan wani kumburi ya fito min a matsematsin dama. Da farko bai wuce ƙwan kaza ba, yana fitowa in na ɗaga kaya ko na yi tari, in na kwanta ya koma da kansa. Tun bara ya fara gangarowa cikin maraina, yanzu kuma sai na kwanta na yi ta dannawa kafin ya shige, wani lokacin har da ƙugi irin na ciki. Da yamma yana min nauyi da ciwo. Na sha magunguna iri-iri, na sayi bel ɗin da ake ɗaurawa, babu canji. Likita ya ce ƙaba ce, sai tiyata. Tsorona biyu ne: an ce aikin yana kashe mazakuta ko ya hana haihuwa, kuma an ce ragar da ake sawa tana ruɓewa a ciki. Ina shan taba, ina da tari da ya daɗe. Sannan 'yata 'yar shekara biyu cibiyarta ta fito, ko ita ma gado ta yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Likitan da ya duba ka gaskiya ya faɗa maka, kuma a yadda ka siffanta lamarin, shawararmu ita ce ka koma wurinsa a sa ranar aiki cikin makonni masu zuwa. Ga dalili.

Kai da ke hulɗa da buhu kullum ba sai an sha wahalar yi maka bayani ba. In buhu ya farke a ɗinki, abin da ke ciki yakan turo ta wurin, kuma duk lokacin da aka ɗora masa nauyi yagar sai ta ƙara buɗewa. Ƙaba ke nan. Bangon ciki nama ne mai ƙarfi da aka jera hawa-hawa, yana riƙe da hanji da kitsen ciki. In wani wuri ya yi rauni ko ya buɗe, sai tantanin da ya lulluɓe ciki ya zurmo ta ramin kamar 'yar jaka, hanji ko kitse ya biyo shi. Ƙugin da kake ji lokacin da kumburin ke komawa, hanjinka ne da iskar da ke cikinsa. Shi ya sa duk maganin da ka sha bai yi komai ba. Babu ƙwaya, babu jiƙo, babu allurar da ke ɗinke rami a nama. Wanda ya ce maka ya sha wani abu ƙabarsa ta warke, ko dai abin da ke damunsa wani ciwo ne daban, ko kuma ta lafa ne na ɗan lokaci, ramin yana nan.

Abin da ya sa ta fi kama maza a wannan wuri yana komawa tun kafin haihuwa. 'Ya'yan maraina a cikin ciki ake halittarsu, can kusa da ƙoda, sai su gangaro a watannin ƙarshe na goyon ciki ta wata 'yar hanya da ke matsematsi, wadda tsawonta a jikin babba bai wuce santimita 4 ba. Ya kamata jakar da ta raka su ta rufe bayan sun wuce. A wasu mutane ba ta rufewa sosai, sai ta zauna shiru shekara da shekaru har ranar da matsin ciki ya buɗe ta. Irin wannan ƙaba ce ke bin hanyar har cikin maraina, kamar taka. Akwai kuma wadda ke ɓallowa kai tsaye ta bangon da ya saki saboda shekaru, ita ba kasafai take sauka ƙasa ba. Kimanin namiji 27 cikin 100 zai yi ƙabar matsematsi a rayuwarsa, mace kuwa kimanin 3 cikin 100, kuma ta dama ta fi yawa domin ɗan marainan dama ya fi makara wajen saukowa. A duniya ana yin wannan aiki fiye da sau miliyan 20 kowace shekara. Ba wani baƙon abu ne ya same ka ba.

Ɗaukar kaya yana da nasa laifin, amma galibi raunin yana nan tun da farko, nauyin ya fito da shi fili ne ya kuma faɗaɗa shi. Duk abin da ke ƙara matsi a ciki haka yake yi: tari mai daɗewa, yunƙuri a bayan gida, yunƙurin fitsari ga dattijon da bakin mafitsararsa ya tsuke, ƙiba, ko ruwa da ya taru a ciki saboda ciwon hanta. Taba kuwa ɓarna biyu take yi maka, tana sa ka tari, tana kuma raunana sinadarin da ke ba nama ƙarfi da saurin warkewa. Za mu dawo kanta.

Wataƙila ka ji ana cewa ba kowace ƙaba ake gaggawar yankawa ba. Haka ne, amma da sharaɗi. An yi wani babban bincike a Amurka da Kanada, aka wallafa shi a 2006, a kan maza 720 waɗanda ƙabarsu ba ta damunsu ko kaɗan take damunsu. An yi wa wasu aiki, an bar wasu ana lura da su. Waɗanda aka bari, kaɗan ne ƙwarai ƙabarsu ta maƙale, ƙasa da mutum 2 cikin 1,000 a shekara. Sai dai cikin shekara biyu kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun dawo da kansu suna neman aiki, yawanci saboda ciwo, kuma da aka ci gaba da bibiyarsu zuwa shekara goma, kimanin biyu cikin uku sun ƙare a ɗakin tiyata. Wato jira ya halatta ga mai ƙaramar ƙaba marar ciwo, wadda ke komawa cikin sauƙi, wanda kuma asibitin da ke tiyatar gaggawa yake kusa da shi. Kai ka fita daga wannan sahu ta ƙofa uku: taka tana ciwo, ta sauka maraina, kuma ta fara yin gardama wajen komawa. Na ukun ne ya fi tayar mana da hankali.

Abin da ake gudu shi ne ranar da hanji zai fito ya kasa komawa. Bakin ramin ƙarami ne kuma ba ya miƙewa. Hanjin da ya maƙale a ciki sai ya fara kumbura, domin jijiyoyin da ke mayar da jini su ne ke fara toshewa tun da bangonsu ya fi laushi, jini yana shiga ba ya fita. Kumburin ya ƙara matse bakin, har jinin da ke shigowa ma ya tsaya. Daga nan hanjin zai iya mutuwa cikin kamar awa shida. In ya mutu ya fashe, ƙazantar da ke cikinsa ta bazu, sai guba ta shiga jini. Aikin da da zai ɗauki ƙasa da awa ɗaya mutum ya koma gida ran nan, sai ya zama na yanke hanji a haɗa, da kwanaki a gadon asibiti, da haɗarin rasa rai wanda ya ninka na aikin da aka tsara sau da yawa.

Saboda haka ka riƙe waɗannan alamu, ka kuma faɗa wa mai ɗakinka ta riƙe su: kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa, ciwo mai tsanani ya taso farat ɗaya kuma ba ya lafawa, wurin ba ya taɓuwa, fatar ta yi ja ko ta yi duhu, amai, ciki ya kumbura, ba bayan gida ba fitar iska, ko zazzaɓi. Ba sai sun haɗu duka ba. Ƙaba mai tauri da ciwo wadda ta ƙi komawa ta isa dalili. A tafi asibitin da ke da ɗakin tiyata nan take, ko da ƙarfe biyun dare ne, kuma kada ka ci kada ka sha komai a hanya domin mai yiwuwa a sa ka barci. Kada a tsaya gasa wurin da ruwan zafi, kada a sha maganin wanke ciki. In ciwon ya yi tsanani na wasu awoyi sannan ya lafa da kansa alhali kumburin yana nan, wannan ba sauƙi ba ne, sau da yawa alama ce cewa hanjin ya riga ya mutu.

A ranakun da babu waɗannan alamu, mayar da ita da kanka babu laifi, amma a hankali. Ka kwanta rigingine, ka tanƙwasa gwiwoyi, ka sa matashi ƙarƙashin ƙugu, ka saki jiki na 'yan mintoci, sannan ka tallafe kumburin da tafin hannu ka tura shi sama zuwa inda ya fito da matsi mai taushi wanda ba ya yankewa. In bai shige ba cikin minti goma zuwa sha biyar, ka bari ka nemi likita. Dannawa da ƙarfi na iya fasa hanji, ko ta cusa jakar gaba ɗaya cikin ciki da hanjin a shaƙe a bakinta, kumburin ya ɓace a ido alhali ɓarnar tana ci gaba.

Bel ɗin da ka saya ba ya warkarwa, riƙewa kawai yake yi, kuma ga ƙabar da ta sauka maraina ko riƙewar ba ya iyawa sosai. In za ka ɗaura shi kafin ranar aiki, sai bayan ka mayar da ita gaba ɗaya kana kwance. Ɗaura shi a kan hanjin da ke waje ya fi rashin ɗaurawa haɗari.

Wani gargaɗi a gefe, domin mutane da yawa duk kumburin maraina gwaiwa suke kiransa. Akwai wanda ruwa ne kawai ya taru kewaye da ɗan maraina. Shi ba ya komawa ciki in an kwanta, ba ya motsi in an yi tari, kuma in aka haska tocila ta bayansa a cikin duhu haske yakan ratsa. Ƙaba kuwa tana harbin yatsa in an yi tari, kuma in ka bi ta da hannu za ka ji ta ci gaba har cikin matsematsi. Bambancin yana da muhimmanci saboda akwai masu soka allura su zuƙe ruwa. Kada ka yarda kowa ya soki kumburinka, abin da ke ciki hanji ne.

To, mu zo kan tsoronka na farko. Jijiyoyin da ke tayar da gaba suna can cikin ƙugu ne, suna bi ta gefen bakin mafitsara, wuƙar mai aikin ƙaba ba ta zuwa kusa da su. Aikin ba ya taɓa sha'awa, ba ya taɓa ƙarfin namiji. Maza da yawa ma sun fi samun sukuni da iyalinsu bayan an raba su da nauyin da ciwon. Abin da ke bi ta wurin da ake aiki shi ne igiyar ɗan maraina, wadda ta ƙunshi bututun maniyyi da jijiyoyin jininsa. Likita yakan ware ta a gefe ya kiyaye ta tun farkon aiki. Ba za mu ce maka ba a taɓa samun matsala ba: wani lokaci jinin ɗan marainan wannan ɓangare yakan ragu har ya kumbura daga baya ya tsuke, amma a aikin farko wannan bai kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, kuma ɗan maraina ɗaya mai lafiya ya isa haihuwa. Haɗarin yana ƙaruwa ne in ƙabar ta yi girma ƙwarai ta manne da igiyar, ko in aikin gaggawa ne, ko na biyu a wuri ɗaya. Ka ga ashe jinkirin da kake yi don kare haihuwa shi ne ke ƙara mata haɗari.

Tsoro na biyu, raga. Kafin zuwanta, likitoci jawo naman suke yi su ɗinke, hanyar da wani likitan Italiya, Edoardo Bassini, ya kafa a shekarun 1880. Matsalar ita ce nama mai rauni da aka ja da ƙarfi yakan sake yagewa. A shekarun 1980 Irving Lichtenstein da abokan aikinsa a Amurka suka yaɗa hanyar shimfiɗa raga a kan wurin ba tare da ja ba, ita ce yanzu aka fi yi a duniya. Ragar zaren roba ce ta musamman, faɗinta kamar santimita 7 da tsawo 15 kafin a gyara ta daidai jikin mutum. Ba ta ruɓewa, ba ta tsatsa. Naman jiki ne ke tsirowa ta cikin ƙofofinta cikin makonni har su zama bango ɗaya, kuma tana rage dawowar ƙaba da rabi ko fiye in aka gwada da ɗinki zalla. Abin da mutane ke kira ruɓewa shi ne ƙwayoyin cuta su kama ragar, wurin ya yi ta zubar da mugunya har sai an cire ta. Yana faruwa, amma ba kasafai ba, kuma ya fi samun mai shan taba, mai ciwon sugan da bai daidaita ba, ko wanda aka yi wa aiki a wurin da tsabta ta yi ƙaranci. In har zuciyarka ba ta kwanta da raga ba, akwai hanyar Shouldice, wadda aka ƙirƙira a Kanada, ɗinki ne hawa huɗu ba raga. Tana da kyau a hannun wanda ya ƙware da ita, sai dai irinsu ba su da yawa, don haka ka tambayi likitanka wacce ya fi sabawa da ita. Hannun da ya saba ya fi sunan hanya muhimmanci.

Ana kuma yin aikin da na'ura mai kyamara ta 'yan huda uku a ciki, a shimfiɗa ragar ta bayan bango. Ciwonsa ya fi sauƙi a kwanakin farko, kuma ya fi dacewa da mai ƙaba a ɓangarori biyu, ko wanda tasa ta dawo bayan yanka, ko mace. Amma dole sai an sa mutum barci gaba ɗaya, kuma ga ƙabar da ta cika maraina likitoci da yawa sun fi son yanka na fili. Shi wannan tsaga ce ta santimita 6 zuwa 8 a matsematsi, ana iya yi da allurar kashe wurin kawai, ko allurar baya wadda ke kashe jiki daga cibiya zuwa ƙasa, ko ta barci. Yakan ɗauki minti 30 zuwa awa ɗaya, kuma mafi yawan mutane suna kwana a gida ran nan ko washegari.

Kafin ranar akwai aikin da ke kanka. Ka ajiye taba aƙalla mako huɗu kafin aiki, wannan kaɗai yana rage ciwon miki da dawowar ƙabar. Tarin nan kuma kada a wuce shi: duk tarin da ya haura mako biyu ya cancanci a gwada majina a ɗauki hoton ƙirji, a tabbatar ba tarin fuka ba ne ko wata cutar huhu, domin ɗinkin da ake tari a kansa dare da rana yana shan wahala. A auna suga da hawan jini da yawan jini. In kana shan maganin tsinka jini, ko asfirin ne, ka faɗa, kada ka daina da kanka. In fitsari yana maka wuya ko kana tashi sau da yawa da dare, ka faɗa, domin fitsari yakan riƙe bayan aiki. Kada ka aske wurin da reza a gida, 'yan yankan da ba a gani suna tara ƙwayoyin cuta. Ranar aiki ana barin abinci awa shida kafin lokaci, ruwa zalla kuma awa biyu, sai in an ba ka wani umarni daban. Daga yau zuwa ranar, ka rage kaya masu nauyi gwargwadon iko.

Bayan aiki ka tashi ka taka tun ran nan, kwanciya ba ta ƙara wa ɗinki ƙarfi, sai dai ta jawo daskarewar jini a ƙafa. Maraina da gaba za su iya kumbura su yi baƙi-baƙi na mako ɗaya ko biyu, jini ne ya gangaro, yana washewa da kansa, ɗan kamfai mai kamawa yana taimakawa. Ga mai babbar ƙaba irin taka, ruwa yakan taru a gurbin da hanjin ya bari har mutum ya ɗauka ta dawo. Yawanci jiki yana shanye shi cikin makonni, kada a soke shi. Za ka kuma ji wani tauri kamar igiya ƙarƙashin tabon, warkewa ce, yana laushi cikin wata biyu zuwa uku. Don ciwo, farasitamol giram 1 kowace awa shida, kada ya wuce giram 4 a yini, ya wadatar da mafi yawan mutane, a haɗa da ibuprofen bayan cin abinci in babu gyambon ciki ko ciwon ƙoda. Magungunan ciwo masu ƙarfi suna busar da ciki, don haka ka yawaita ruwa da ganye da 'ya'yan itace, in ta kama a ba ka mai laushin bayan gida. In tari ko atishawa ya zo, ka dafe wurin da tafin hannu. Zaren da ba ya narkewa ana cire shi bayan kwana 7 zuwa 10. Ka koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ka ba in fitsari ya ƙi fita awa takwas bayan aiki, ko mikin ya yi ja yana zafi yana fitar da mugunya, ko zazzaɓi, ko ɗan maraina ya kumbura da ciwo mai ƙaruwa, ko amai da kumburin ciki.

Mai aikin zaune yakan koma cikin mako ɗaya zuwa biyu. Kai mai lodi ka tsara hutun mako huɗu zuwa shida kafin ka koma ɗaukar buhu, ka fara da marar nauyi, ka riƙa durƙusawa da gwiwa kana fitar da numfashi lokacin ɗagawa maimakon riƙe shi. Kusantar iyali kuwa da zarar wurin ya daina ciwo, yawanci bayan mako biyu.

Matsalar da ta fi kamata ka tattauna da likita, wadda ba ka ma ambata ba, ita ce ciwon da ke daɗewa. Jijiyoyin ji guda uku suna ratsa wurin, kuma kimanin mutum ɗaya cikin goma yakan ci gaba da jin wani abu bayan wata uku, ja ko tsira ko dindiris a saman cinya. A mafi yawansu abin kaɗan ne kuma yana raguwa, 'yan ƙalilan ne yake hana su harka. Wanda ya daɗe yana fama da ciwo kafin aiki ya fi shiga wannan haɗari, wani dalilin ke nan na rashin ƙara wata shekara.

Game da 'yarka, kwantar da hankalinka. Ƙaba takan bi dangi, amma fitowar cibiya a ƙananan yara abu ne da ya yawaita, ramin da igiyar cibiya ta bi ne bai gama rufewa ba. Mafi yawansu suna rufewa da kansu kafin shekara huɗu zuwa biyar, kuma ba kasafai suke maƙalewa ba. Kada a ɗaura mata kwabo ko filasta, ba ya sa ramin rufewa, fata kawai yake ci. A kai ta likita ya auna faɗin ramin da yatsa, domin girman ramin ake dubawa, ba tsawon cibiyar ba. In ta kai shekara biyar bai rufe ba, ko ramin ya fi santimita 2 kuma ba ya raguwa, sai a yi maganar ɗinki, wanda a yara ba a sa raga. In cibiyar ta yi tauri, ta ƙi komawa, tana kuka tana amai, wannan na gaggawa ne kamar naka. Amma in a matsematsi ka taɓa ganin kumburi a jikinta ko a jikin wani yaro, hukuncin daban ne: ita wannan ba ta rufewa da kanta, ta fi maƙalewa a jarirai, kuma ana yi mata aiki da wuri. Haka ma mace babba da ta ga ƙullutu a matsematsi ko saman cinya, ko da bai fi goro ba kuma ba ya ciwo, kada ta jira, domin akwai irin ƙabar da ke bi ta gefen jijiyar cinya, bakinta matsattse ne ƙwarai, kuma ta fi kowace iri saurin shaƙe hanji.